Tunjere: gyambo ya warke, amma zuciya fa?

Jama'a masu sauraronmu na nan gida da na tsallaken iyaka, a shirin lafiya na wannan mako mun taɓo ciwon da kunya kan hana a ambaci sunansa, wato tunjere, da irin ɓarnar da yake yi wa zuciya.

Ana ɗaukar tunjere ta hanyar saduwa, mai juna biyu ma kan sa wa ɗan da ke cikinta. Kamar mako 3 bayan kamuwa, sai ɗan gyambo ya fito a al'aura ko a baki. Ba ya zafi, kuma cikin mako 3 zuwa 6 ya warke da kansa. To, a nan ake ruɗuwa, don ƙwayar cutar tana nan a jiki ba ta tafi ba. A jikin wasu takan yi lamo shekara 10 zuwa 30 kafin ɓarnarta ta bayyana.

Ya abin yake? Akwai babbar jijiyar da ke kwasar jini daga zuciya zuwa sauran jiki. A bakinta akwai bawul mai aiki kamar ƙyaure: jini ya wuce, ya rufe. Tunjere kan lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da bangon wannan babbar jijiya, sai bangon ya saki, ta buɗe. Kun ga in bakin ƙofa ya faɗaɗa, ai ƙyaure ba zai rufe ruf ba. Sai jinin da aka tura ya riƙa komowa baya, aiki ya ninku wa zuciya, ta yi girma, ta gaji. Daga nan sai haki, musamman in an kwanta, da kumburin ƙafa, da ciwon ƙirji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa manya miliyan 8 ne suka kamu da tunjere a 2022. Amma yana da magani. In da wuri ne, allurar fenisilin guda ta isa. In ya daɗe, uku ake yi, mako-mako. Sai dai fa allura ƙwayar cuta take kashewa, ba ta gyara bawul ɗin da ya riga ya lalace. Wannan kam sai tiyata.

Don haka wanda ya taɓa ganin irin wannan gyambo, ko da shekarun baya ne, ya je asibiti, ko likita kamar yadda ake cewa a Nijar, a gwada jininsa. Miji da mata su je tare. Masu ciki kuma, ku nemi gwajin a wurin awo. Allah ya ba mu lafiya.