ƁOYE LAIFI YA FI LAIFIN TSADA: Yadda Amurka Ke Tace Masu Riƙe Asirinta

Duk wanda ya taɓa neman aikin gadi a Ikko ko Badun ya san tambayar farko da mai gida kan yi: wa zai tsaya maka? To, a ƙasar Amurka ma haka abin yake ga mai son aikin da ya shafi asirin gwamnati, sai dai su nasu binciken a rubuce yake, kuma yana da zurfi ƙwarai.

Kafin a yarda soja ko ma'aikaci ko ɗan kwangila ya ga takardun asiri, sai an ba shi izni na musamman, wanda hawa uku ne. Shekara da shekaru ana ba mai nema wata doguwar takarda da ake kira SF-86 ya cike. A ciki ana tambayarsa inda ya zauna, da bashin da ake binsa, da ko ya sha ƙwaya ko wiwi cikin shekara 7 da suka wuce, da ko 'yan sanda sun kama shi. Ko da kotu ta share laifin daga littafinta, galibi dole ne ya faɗa. Daga nan sai a ɗauki hoton yatsunsa, masu bincike kuma su bi maƙwabta da abokai da wuraren da ya yi aiki.

A nan ne mutane da yawa ke yi wa kansu sakiyar da ba ruwa. Saurayi ya tuna ya sha wiwi yana makaranta, tsoro ya kama shi, sai ya rubuta "a'a". Alhali kuwa ƙa'idodi 13 da ake aiki da su tun 2017 sun bar ƙofar sassauci. In abin ya daɗe, kuma mutum ya daina, ya rabu da abokan shan, ya sa hannu cewa ba zai koma ba, ana iya ba shi iznin. Amma ƙarya sabon laifi ce, ta yau ce ba ta jiya ba. Dokar tarayya ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda ya yi ta da gangan.

Dalilinsu a fili yake. Mai ɓoye abu yana da igiya a wuya. Duk ɗan leƙen asirin da ya gano sirrinsa zai iya jansa da ita, ya ce ko ka ba ni takarda ko in tona. Wanda ya riga ya faɗa da bakinsa kuwa, me za a tsorata shi da shi?

Wani tarkon kuma shi ne, tun 2012 jihohi irin su Kolorado suka halatta shan wiwi, amma izni na gwamnatin tarayya ne, ita kuwa ba ta halatta ba.

Ran 16 ga Satumba 2013, wani tsohon sojan ruwa, Aaron Alexis, ya harbe mutum 12 a sansanin sojan ruwa na Washington. Da aka waiwaya, ashe a 2004 an kama shi a birnin Seattle saboda harbin tayoyin wata mota, bai kuwa rubuta a takardarsa ba. Duk da haka aka ba shi izni a 2008. Wannan ya sa aka ƙara tsananta bincike.

Wanda za a hana, akan aiko masa da dalilai a rubuce, ya ba da amsa, ya kuma ɗaukaka ƙara a cikin hukuma. Amma kotu ba ta cika sa baki ba, domin a 1988 Kotun Ƙoli ta ce wannan izni ba haƙƙin kowa ba ne. Sau da yawa in izni ya faɗi, aiki ya tafi ke nan.

Ƙa'idar ta ce wanda ya yi hanzarin gyara maganarsa tun ba a tsare shi da hujja ba, ana duba masa. Wanda ya jira sai an baje masa takarda a gaba, ya makara. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.