Wutar Lantarki Cikin Ganye da Kalmar da Ba Mu da Ita

Kwanakin baya wani abokin aikina na sashen kimiyyar haɗa sinadarai ya roƙe ni in mayar masa da taƙaitaccen bayanin bincikensa zuwa Hausa, domin yana so masu maganin gargajiya da suka ba shi ganye su san abin da ya yi da shi. Na ɗauka aikin yini guda ne, sai ga shi kalma ɗaya ta tsayar da ni mako guda cur. Kalmar kuwa ita ce wadda masu tallar magani a tasha suke furtawa "antiyoksidan", suna jan ta da lasifika kamar wani laƙani.

Bari in fara da ma'anar, ya mai karatu. Idan ka yanka gauta ka ajiye, za ka ga fuskarta ta yi duhu; idan man gyaɗa ya daɗe, sai ya yi hamami. Iskar oksijin ce ke wannan aiki, kamar yadda take sa ƙarfe tsatsa, kuma irin wannan ɓarna tana aukuwa a cikin ƙwayoyin jikinmu. Akwai sinadarai a tsirrai da ke rage ta: jan launin zoɓo, bitamin C na garin ɗan kuka, da wasu da ke cikin ganyen zogale. Saboda haka na kira su "sinadaran hana tsatsa".

Matsalar masana ita ce yadda za a fito da su ba tare da an lalata su ba. Kowace ƙwayar halittar ganye tana lulluɓe da wata tantani siririya wadda ke tsare abin da ke ciki. Mu dai tafasawa muka gada, kuma zafi yana buɗe tantanin, amma yana kashe wani sashe na abin da ake nema, musamman bitamin C. Malama Tu Youyou ta ƙasar Sin ta gamu da irin wannan a neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Sai da ta karanta a littafin Ge Hong, malamin ƙarni na huɗu, cewa jiƙa ganyen ake yi a ruwa a matse, sannan ta gane zafi ne ke ɓata mata aiki. A 1971 ta tatso maganin da ƙarancin zafi, a 2015 kuma ta sami kyautar Nobel.

A nan wutar lantarki ta shigo. Ana sa ɗanyen ganye ko jiƙaƙƙe tsakanin faranta biyu na ƙarfe, sai a riƙa harba masa wuta mai ƙarfin ɗaruruwa zuwa dubban bolt a kowace santimita, amma kowace harbawa ba ta kai ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Da zarar ƙarfin da ya taru a kan tantanin ya kai kimanin bolt ɗaya, sai ƙananan huji su buɗe a jikinta, ruwan ciki ya sami hanyar fita, alhali ganyen bai dahu ba. Ta haka ake rage lokaci da yawan sinadarin da ake jiƙo da shi. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniyan Jamus, Heinz Doevenspeck, ya yi mata rajista tun 1960, a 1967 kuma Sale da Hamilton a Ingila suka nuna tana kashe ƙwayoyin cuta. A yau manyan masana'antun soyayyen dankalin Turawa suna tausasa dankali da ita kafin a yanka.

To, sai dai akwai abin da nake tsoro. Fitar da sinadari da yawa daga ganye daban, warkar da cuta kuma daban. A 1994 aka fitar da sakamakon wani bincike a ƙasar Finlan kan maza mashaya taba kimanin 29,000. Waɗanda aka ba ƙwayoyin bita-karotin, wanda shi ma sinadarin hana tsatsa ne, sun fi kamuwa da sankarar huhu da kusan kashi 18 cikin ɗari. Ashe abin da ke da amfani a cikin miya yana iya zama illa idan aka tattara shi a kwalba. Ranar da na'urar nan ta yaɗu a wurinmu, mai lasifika zai ƙara kalmar "lantarki" a kan tallarsa, kuma wata baiwar Allah mai hawan jini za ta ajiye maganin asibiti saboda kalmomi biyu da babu wanda ya fassara mata.

Akwai kuma batun sunaye, wanda shi ne fagena. Tun 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi, kuma duk wanda ya duba ya san suna ɗaya kan hau tsirrai biyu, tsiro ɗaya kuma kan amsa sunaye uku daga Sakkwato zuwa Damagaram. Idan mai bincike ya kuskure tsiro, tsadar na'urarsa ba za ta gyara masa komai ba.

Shawarata ita ce sassan kimiyya da na harsuna a jami'o'inmu su zauna tare da masu maganin gargajiya, a tantance sunaye, a kuma amince da kalmomin da za a riƙa bayani da su a rediyo. Hukumar NAFDAC kuwa ta matsa a rubuta wa mai saye da Hausa abin da aka gwada da abin da ba a gwada ba. Abokina ya karɓi fassararsa, ya kai wa dattawan da suka ba shi ganye. Tambayar da ɗayansu ya yi masa ita ce ko an gwada abin a jikin mutum, shi kuma ya faɗa masa gaskiya cewa tukuna. Allah Ya sa mu dace.