Mutanen Ingila da suka bar gida suka koma zama cikin jirgin ruwa

Za mu kai ku ƙasar Ingila. A can akwai dubban mutane da suka saida gidajensu, ko suka bar gidan haya, suka koma zama cikin jirgin ruwa. A ciki suke kwana, a ciki suke dafa abinci, a ciki wasu suke renon ɗiyansu. Ba masunta ba ne. Cikinsu akwai malaman makaranta, da ma'aikatan likita, da masu sana'ar hannu, da tsofaffin da suka gama aiki. Mi ya raba su da tudu? Kuma yaya mutum yake zuba kayan gida guda cikin jirgi? Ku biyo mu ku ji.

Ruwan da suke zaune a kai

Yawancinsu ba bisa teku suke ba. Suna bisa kanal ne. Kun san kanal na wuraren noman rani. To na Ingila ya fi shi faɗi da zurfi, don an haƙa shi ne saboda jirage su bi da kaya. Da hannu aka haƙa, da shebur da diga. Wani sananne daga cikin na farko shi ne wanda aka buɗe a shekarar 1761, don kai gawayin ƙasa birnin Manchesta. Da aka buɗe shi, kuɗin gawayi ya faɗi da kusan rabi a birnin. Ganin haka sai aka shiga haƙa ko'ina.

A wancan zamani doki ne ke jan jirgi da igiya, yana tafiya a bakin ruwa. Doki guda yana jan kaya kamar ton 25 ko 30. Ku gwada da abin da amalanke ke ɗauka, ku ga bambanci.

Inda ƙasa ta yi tudu, an gina matakalar ruwa. Wani dogon rami ne mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a saki ruwa daga sama. Ramin ya cika, jirgi ya taso, a buɗe ƙofar gaba ya wuce. Da yawa cikin waɗannan matakalu faɗinsu metir 2 ne da ƴan kai. Shi ya sa jiragen suke sirara.

Yau hanyoyin ruwan nan sun kai kilometir 3.200 a Ingila da yankin Wales. Tun shekarar 2012 wata ƙungiya mai suna Canal & River Trust ke kula da su. Jiragen da ke da lasisinta sun haura dubu 30. Da yawa na yawon hutu ne, amma dubbai gidajen mutane ne.

Talauci ne ya fara kai iyali cikin jirgi

Da fari, mai jirgi yana da gidanshi bisa tudu. Matarshi da ɗiyanshi suna gida, shi yana tafiya da yaran aiki. Sai jirgin ƙasa ya fito. A shekarar 1830 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Libaful da Manchesta, daga nan ta bazu. Jirgin ƙasa ya fi sauri, ya kwashe ciniki. Ladan dakon kaya ta ruwa ya faɗi.

Masu jirage da yawa suka kasa biyan haya, suka kasa biyan yaran aiki. Sai suka saki gida, suka kwaso iyali. Mace ta kama tuƙi, yara suka kama kora doki. Duk jirgin na kaya ne, sai ɗan ɗaki a baya, tsawonshi kamar metir 3, faɗinshi kamar metir 2. A nan uba da uwa da ɗiya suke kwana. Gado a jikin bango yake, sai dare a sauke shi. Ƙofar kabad ita ce teburin cin abinci.

Yaran nan ba su zauna wuri guda ba, balle su shiga makaranta. Da yawa sun girma ba su iya karatu da rubutu ba. Wani mutum mai suna Joji Simit ya yi ta kai kuka a kan halin da suke ciki. A shekarar 1877 aka yi doka ta rubuta jiragen da ƙayyade yawan masu kwana a ciki. A 1884 aka ƙara ƙarfafa ta, har da zancen karatun yara.

Sana'ar ta yi ta raguwa. A sanyin ƙarshen 1962 da farkon 1963 ruwan kanal ya daskare makonni da yawa, jirage suka tsaya cik. Bayan wannan, dakon kaya mai nisa ya kusa mutuwa. Abin da ya ceci hanyoyin shi ne ƴan sa-kai. Tun 1946 suka kafa ƙungiya, suna yashe kanal, suna gyara ƙofofi.

Abin da ke kai mutane yau

Na farko tsadar gida. A birnin Landan kuɗin gida matsakaici ya haura fam dubu 500, wato sama da miliyan 350 na sefa. Mai ƙaramin albashi ba ya ko mafarkinshi. Haya kuma tana cinye babban rabo na albashi. Tsohon jirgi mai lafiya kuwa ana samun shi da kamar kashi ɗaya cikin goma na wannan kuɗi. Shi ya sa matasa suka cika kanal na Landan da jirage, har wani wuri ana ɗaure su bibbiyu, ɗaya jikin ɗaya.

Na biyu tsufa. A ce mutum da matarshi, ɗiyansu sun girma sun kama gabansu. Gida ya yi musu yawa, ga kuɗin ɗumama shi lokacin sanyi, ga bashin banki. Sai su saida gidan, su biya bashi, su sayi jirgi, su aje sauran kuɗin.

Na uku son kwanciyar hankali. Jirgin kanal ba ya wuce kamar kilometir 6 a awa guda, kusan tafiyar mutum mai sauri. Wanda hayaniyar birni ta gajiyar, wannan tafiya tana mishi daɗi.

Rabuwa da kaya

Nan ne aikin yake. Jirgin na ƙarfe ne. Faɗinshi metir 2 da santimetir 8. Mafi tsawo yana kai metir 21, amma da yawa suna zaɓen mai metir 17, don shi ne ke iya shiga kusan kowace matakala. In aka cire wurin inji da gaba da baya, abin da ya rage kamar ɗakuna uku ne ƙanana da aka jera, kuma mutum in ya buɗe hannuwanshi yana kusa taɓa bango biyu. Wurin bai kai kashi ɗaya cikin uku na gida matsakaici ba.

Saboda haka kafin a shiga, sai an kasa kaya kashi uku: na ɗauka, na saidawa, na kyauta. Babban gado ba ya shiga ta ƙofar jirgi. Manyan kujeru ba su shiga. Tufafi sai abin da zai cika kabad guda. Tukwane biyu ko uku, kwanoni daidai bakin masu ci. Ƙarƙashin gado ma'aji ne, ƙarƙashin matakala ma'aji ne. Rufin jirgi kuma nan ake ɗora itace, da buhun gawayi, da keke.

Abin da ya fi wuya shi ne kayan gado: teburin uwa, littattafan uba, hotunan kakanni. Wasu suna kama hayar ɗakin ajiya a gari su zuba su. Amma ɗakin ajiya kuɗi ne kowane wata, sai ya cinye wani abu daga sauƙin da aka zo nema. Masu zaman jirgi suna da wata ƙa'ida: in sabon abu ya shigo, sai tsoho ya fita.

Makiyayi ya san wannan lissafi tun tuni. Wanda ke tashi da dabbobi ba ya tara abin da jaki ko sa ba zai ɗauka ba. Haka Sarkawa na bakin kogin Kwara, masu bin kifi da iyalinsu har cikin ƙasar Mali, da Bozo na wajen Mopti. Bambancin shi ne, su sun tashi cikin abin ne tun suna yara, Baturen kuwa sai da ya girma cikin tarin kaya kana ya zo koyon rabuwa da su.

Ruwa, wuta da bayan gida

A gidan Ingila, mutum ya murɗa famfo ruwa ya zo, ya danna bango wuta ta kama. A jirgi komi sai an nemo.

Ruwa yana cikin tanki mai cin litir ɗari da yawa. In ya ƙare, sai a tuƙa jirgi zuwa famfon bakin kanal, a ja layi, a cika. Wanda ya saba dogon wanka, cikin sati guda zai koyi tsimi.

Lantarki daga batir yake. Inji ne ke cika batir, ko allon hasken rana da ke bisa rufi. Da bazararsu rana tana daɗewa, wuta ta wadata. Da sanyi kuwa rana gajera ce, ga hadari kullum, sai an tada inji ana ƙona gazuwal.

Dafuwa da tukunyar gas ake yi. Ɗumi kuma daga murhun ƙarfe, da itace ko gawayi. Wannan murhu yana da haɗari. In iska ba ta shiga da kyau, yana fidda wata guba da ba a gani, ba a jin warinta, tana kashe mutum cikin barci. Tun watan Afrilu na 2019 dole ne jiragen nan su aje na'ura mai ƙara in gubar ta taru. Mu ma nan mu kiyaye: kaskon gawayi cikin rufaffen ɗaki lokacin ɗari, gubar guda ce.

Bayan gida a cikin wani rufaffen bokiti yake taruwa, ko cikin tanki. Mai jirgi da kanshi yake ɗauka ya kai wurin zubarwa da aka tanada. An hana zuba shi cikin kanal.

Dokar kwana 14

Mai jirgi yana da zaɓi biyu. Ko ya kama hayar wurin ɗaure jirgi na dindindin, ko ya zama mai yawo. Wurin dindindin yana da tsada, kuma a Landan samun shi wuya ne. Don haka da yawa suna zaɓen yawo.

Dokar shekarar 1995 ta yarda mutum ya riƙe jirgi ba tare da mazauni ba, amma kada ya wuce kwana 14 wuri guda. Kuma ba a yarda ya yi ta kai da kawowa tsakanin wuri biyu ba. Ana son cikin shekara tafiyarshi ta kai nisan kamar kilometir 30. Akwai ma'aikata masu bin bakin ruwa suna rubuta lambar jirage. Wanda bai bi ba, a rage mishi kwanakin lasisi. In ya ci gaba, a hana shi, har a fidda jirgin daga ruwa. Ga wanda ba shi da wani gida, wannan rasa matsuguni ne.

Dokar tana takura masu iyali. Yau jirgi yana kusa da makarantar yaro, bayan wata biyu ya yi nisa. Mutum ba shi da adireshi tsayayye, sai wasiƙa da takardun hukuma su riƙa zuwa gidan wani ɗan'uwa. Tun Afrilu na 2024 kuma aka ɗora wa masu yawo ƙarin kuɗin lasisi bisa na masu mazauni. Masu kula da kanal sun ce masu yawo sun fi kowa amfani da famfuna da ƙofofi. Masu yawo kuma sun ce ana son korar talaka ne daga ruwa. Suna da ƙungiyarsu mai kare musu haƙƙi, kuma gardamar ba ta ƙare ba.

Lissafin riba da hasara

Sayen jirgi ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Kowace shekara akwai lasisi da inshora. Kowace shekara 4 sai an binciki lafiyar gas da wuta da inji, a ba da takarda. Kowace shekara 2 ko 3 sai an fidda jirgi tudu, a kankare gindinshi, a shafe shi da baƙin fenti mai kama da kwalta, don tsatsa tana cin ƙarfe. Wanda ya yi sakaci, wata rana ruwa zai shigo mishi ta ƙasa.

Ga kuma yanayi. Da sanyi ƙanƙara tana kama jirgi wuri guda. Da fari ruwa yana ƙaranci. A shekarar 2025 ruwan sama ya yi ƙaranci a Ingila, aka rufe matakalu da yawa, jirage suka maƙale inda suke.

Babban abin dubawa shi ne wannan: gida bisa ƙasa yake, kuma ƙasa a Ingila tana ƙara daraja. Jirgi kuwa kamar mota yake, yana tsufa, darajarshi tana raguwa. Wanda ya saida gida ya zauna shekara goma bisa ruwa, ranar da gwiwa ta gaza tura ƙofar matakala da ɗaukar tukunyar gas, in ya nemi komawa tudu, sai ya tarar kuɗin jirgin ba su sayen ko rabin gidan da ya bari. Shi ya sa masu wayo cikinsu suke fara hayar jirgi lokacin sanyi su gwada, wasu kuma su sa gidan haya maimakon su saida.

Duk da haka, da yawa da suka shiga ba su son fita. Sun rabu da bashi, sun san litir nawa suke sha, sun san maƙwabtansu, don bisa ruwa kowa yana bukatar mai kama mishi igiya.

Ƴan'uwa, rage kaya abu ne mai sauƙin gyara, don tukunyar da aka saida ana sake sayen wata. Ƙasar da aka saida ita ce ba ta cika dawowa ba. Duk wanda zai saki gida ko gona don ya kama wata rayuwa, ya zauna tukuna ya yi lissafin shekara goma masu zuwa, da ranar tsufa, da inda zai sauka in abin bai karɓe shi ba.