Siddabarun kyamara: Yadda ake ɗora jaruma a tafin hannu

Duk wanda ya san Titin Gidan Zoo, wanda ya taso daga Dangi a bakin Gyaɗi-Gyaɗi, ya san nan ce matattarar 'yan fim a Kano. Ofisoshin furodusoshi ne, ɗakunan editin ne, situdiyon mawaƙa ne, ga su nan birjik. Da la'asar sakaliya kuwa sai ka ga samari daga Tarauni, Hausawa da Unguwa Uku sun yi cirko-cirko, kowa da waya a hannu ana neman hoto na kece raini.

Ba banza ba. Tun zamanin kaset, lokacin da Sangaya da Wasila ke tashe, fosta ce ke fara sayar da fim a Ƙofar Wambai da Bata. In fosta ba ta ja ido ba, furodusa ya shiga uku, don kuwa jarinsa na iya kwantawa a shago. Yau kasuwar kaset ta mutu, amma ɗan hoton da ake maƙala wa fim a YouTube shi ya gaji fosta. To wai shin yaya ake haɗa irin hotunan nan masu ɗaure kai?

Mutum a tafin hannu

Wannan ita ce dabara mafi araha. Kyamara ido ɗaya gare ta, ba ta bambance nesa da kusa kamar idanun mutum biyu. Sai jarumi ya tsaya daf da ita ya buɗe tafinsa, jaruma kuma ta ja da baya can nesa. Mai ɗauka ya durƙusa, ya yi ta saiti har ƙafafunta su sauka daidai kan tafin. Shi ke nan, ta koma 'yar tsana! Sharaɗin shi ne haske ya wadata, don su fito tangaran su biyun. Da irin wannan dabara aka mayar da wasu 'yan wasa gajejjeru a fim ɗin The Lord of the Rings na 2001.

Tagwayen ƙarya

Masu kallon finafinan Indiya ba za su manta da Dilip Kumar a Ram Aur Shyam (1967) ko Hema Malini a Seeta Aur Geeta (1972) ba, inda mutum ɗaya ya fito a matsayin tagwaye. Sirrin shi ne a kafe kyamara kan ƙafarta, kada ta motsa ko kaɗan. A ɗauki ɗan wasa a dama, ya sake kaya a ɗauke shi a hagu, sannan a haɗe hotunan biyu. In rana ta gusa tsakanin ɗauka da ɗauka, to inuwa za ta tona asiri.

Layar zana

Ɓacewar boka ko aljani a finafinan camama ba tsafi ba ne. Tsayar da kyamara ake yi, ɗan wasa ya fice, a ci gaba da ɗauka. Wani Bafaranshe mai suna Georges Méliès ya ɓatar da mace ta haka a fim tun 1896. A hoto kuwa, in ana son mutum ya yi yawo a iska, sai ya hau kujera a ɗauka, a kuma ɗauki wurin ba kowa, daga baya a goge kujerar.

Kayan aiki na cikin gida

Ba sai da fitilun miliyoyi ba. Farin kwali ko faranti mai ƙyalli kan maido da hasken rana kan fuska, ya kashe inuwar ƙarƙashin ido. Fanka na sa mayafi kaɗawa. Madubi a gindin kyamara kan ba da kamannin tafki. Rariya a gaban tocila tana zuba ɗigo-ɗigon haske a fuska. Lokaci mafi kyau shi ne hantsi da kuma bayan la'asar, domin ranar tsaka ba abin da take jawowa sai yamutsa fuska.

Sai dai fa a yi hattara

Kowane allazi da nasa amanu. Dabarar da ke goge kujera ita ce dai ɓata-gari ke amfani da ita su yanke kan yarinya su ɗora a jikin da ba nata ba. Wasa ne a wurinsu, amma hoto ɗaya irin wannan ya isa ya rusa baiko, ya zubar da mutuncin gida guda. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, na iya duba fim kafin ya fita, amma ba za ta iya bin kowace waya ba.

Saboda haka, mai sha'awar hoto ya nemi izinin mutum kafin ya ɗauke shi, ya kuma sake nema kafin ya watsa. Sannan gadar Dangi ta motoci ce, ba lokeshin ba ce. Mai son hoton tashi sama ya nemi fili, ya ari kujera.