Sunayen Miyagun Halaye a Bakin Bahaushe

A nazarin da na yi, na lura cewa Bahaushe ba ya kiran miyagun halaye da suna guda. Kowane laifi da sunansa, gwargwadon abin da aka keta.

A kasuwa, wanda ya zuba ruwa a nono ko tsakuwa a hatsi ya yi algus, wanda kuwa ya rage awo ya tauye mudu. Wanda aka ba ajiya ya taɓa, ya ci amana, shi ne maha'inci. Mai daɗin baki don raba mutum da dukiyarsa ɗan damfara ne, wanda a yau ake kira ɗan 419, daga lambar wani sashe na dokar laifuffuka ta Nijeriya. Wanda bai damu da abin da jama'a za su ce ba, shi ne marar kunya ko marar mutunci.

Da yawa daga cikin kalmomin, kamar algus, ha'inci, fasiƙanci, munafunci da rashawa, daga Larabci suka shigo ta hanyar Musulunci.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake sakaya sunan laifi. Tun a littafinsa Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki abin da ake kai wa masu mulki da sunan gaisuwa. Yau ana cewa goro ko na shan ruwa. A ganina, muddin aka ba cin hanci sunan goro, mai karɓa ba zai ji kunya ba.