Kafin A Yi Jingar Tayil, A Fara Auna Daɓe

Yawancin rigimar da ke tashi tsakanin mai gida da mai sa tayil ba a kan tayil ɗin take ba, a kan abin da ke ƙarƙashinsa ne. An yi jinga a tsaye a bakin ƙofa, ko ma ta waya, an ce ɗaki kaza kuɗi kaza, an ba da kafin alƙalami. Kwana biyu da fara aiki sai mai aiki ya kira: "Alhaji, siminti ya ƙare, a ƙaro buhu huɗu." Mai gida ya ga kamar ana son a yi masa wayo, shi kuma ma'aikaci ya ga an bar shi da aikin da bai yi lissafinsa ba. Sau da yawa babu macuci a cikinsu. Daɓen ne bai daidaita ba, kuma ba wanda ya auna shi kafin a yanke farashi.

Aikin tayil da murabba'in mita ake lissafa shi, abin da ma'aikata ke kira sukwaya mita. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, irin wanda ya fi yawa a gidajenmu, yana da kimanin mita 13.4. Tayil mai santimita 60 kowane gefe yakan zo guda huɗu a kwali, wato kwali ɗaya na rufe mita 1.44. Wanda ya raba ya sayo kwali goma cif, zai iya komawa kasuwa. Akwai yanka a jikin bango da bakin ƙofa, akwai wanda zai fashe a hannu, shi ya sa ake ƙara kashi 10 cikin ɗari, ya zama kwali 11. Idan za a jera shi a karkace ne, asarar takan kai kashi 15. Sannan ga sikatin, ɗan siririn yankin da ake zagaye gindin bango da shi, wanda a irin wannan ɗaki zai ci kusan wani kwalin. Gara a sayi duka a lokaci guda, domin tayil iri ɗaya, na kamfani ɗaya, yakan ɗan bambanta a launi idan ba gashi ɗaya ba ne, kuma bambancin sai an shimfiɗa yake fitowa fili.

Wannan lissafin mai sauƙi ne, kowane mai shago a Ƙofar Ruwa ta Kano ko kasuwar Dei-Dei ta Abuja zai buga shi a waya cikin minti ɗaya. Abin da mai shago ba zai iya faɗa ba shi ne yawan kwaɓin da daɓen zai sha.

Daɓen da magina suka zuba lokacin gini, wanda ake ce wa jamfulo, da wuya ya fito a miƙe. Wani gefen ya yi tudu, wani ya yi kwari, wani lokacin falo ya fi ɗakin kwana tsawo da yatsa uku. Tayil kuwa ba ya lanƙwasa. Dole a cike kwarin da kwaɓin siminti da yashi har ya zo daidai da wurin da ya fi tudu, kuma a nan kuɗi ke zurarewa. Idan kwaɓin na awo ɗaya na siminti da huɗu na yashi ne, kowane santimita ɗaya na kauri a ɗaki mai ƙafa 12 yana cin kusan buhu guda mai kilo 50. Daɓen da ke buƙatar cikon santimita biyu zai tashi a buhu biyu. Wanda ke buƙatar biyar, buhu biyar, ga ƙarin yashi, ga ƙarin ruwa, ga ƙarin yinin lebura. A gida mai ɗaki huɗu da falo, bambancin zai iya haura buhu goma sha biyar.

Gano wannan ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Ƙwararren ma'aikaci yakan zo da siririn tiyo fari wanda ake ganin cikinsa, ya cika shi da ruwa ya fitar da iska. Ya yi alama da fensir a bango, kamar mita ɗaya daga ƙasa, ya riƙe baki ɗaya na tiyon a kan alamar, yaronsa ya ja ɗaya bakin zuwa wata kusurwa. Inda ruwan ya tsaya, nan yaron zai ja layi, domin ruwa a baki biyun kullum a tsawo ɗaya yake zama. Haka za su zagaye kusurwa huɗu, su fita har baranda da banɗaki. Daga nan sai a sa tef a auna daga kowane layi zuwa ƙasa. Kusurwar da ta ba da santimita 100 da wadda ta ba da 104 sun riga sun faɗi kaurin cikon da ake buƙata. Tsakiyar ɗaki kuma a ja igiya daga bango zuwa bango, ko a kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe mai tsawon mita biyu a leƙa ƙarƙashinsa. Ƙa'idar da masu gini ke bi ga daɓen da za a manna wa tayil da gam ita ce kada ratar ta wuce milimita uku a cikin mita biyun nan. Duka aikin bai fi rabin sa'a ba a ɗaki.

Maganin ya danganta da abin da aka tarar. Ƙaramin tudu a sassaƙe shi da guduma da kurfi, ya fi arha a kan a ɗaga ɗaki gaba ɗaya saboda shi. Kwari mai zurfi a yi masa ciko daban, a bar shi ya yi ƙarfi, ana yayyafa masa ruwa na wasu kwanaki. Kafin a zuba ciko sai an share ƙura, an kankare ragowar filasta da fenti, an jiƙa tsohon daɓen an shafa masa ruwan siminti don sabon ya kama. Sabon kankare kuwa yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma yana ci gaba da tsukewa yayin bushewa. Wanda ya yi gaggawar ɗora tayil a kai yakan ga tsaga ta biyo ta cikinsa. Idan daɓen ya tsage ne saboda ƙasar da aka cika ba ta daddalu ba, ko yana jan danshi da damina, ciko ba zai yi magani ba. Sai an fasa, an daddale, an shimfiɗa leda, an sake zubawa. Haka kuma a duba ƙofofi tun da wuri, don cikon santimita huɗu da kaurin tayil sun isa su hana ƙofar ƙarfe buɗewa.

Banɗaki da madafa da tsakar gida su ba a miƙe ake son su ba. Ana karkata su da santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa magudana. Wuraren ƙanana ne amma yankansu da yawa, shi ya sa kuɗin hannunsu kan fi na falo tsada a kowace mita, kamar yadda na matattakala ma da taki ake lissafa shi.

Irin tayil ɗin ma yana shiga farashi. Mai jan baya yana shan ruwa, don haka ake jiƙa shi kafin a ɗora shi a kan kwaɓi. Na tangaran mai tauri, wanda ruwan da yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, ba ya kama zallan siminti da kyau. Yana son gam ɗin tayil da daɓe mai santsin awo. Girma kuma na ƙara wahala: mai santimita 60 da 120 sai mutum biyu, kuma ƙaramin tudu a ƙarƙashinsa zai sa gefensa ya ɗago ya riƙa tuntuɓe da mutane. Ko na gida ne, irin wanda ake gasawa a Ajaokuta ta jihar Kogi da masana'antun jihar Ogun, ko wanda aka shigo da shi daga Sifen, Italiya, Indiya ko Sin, wannan sharaɗin ba ya canzawa.

Akwai hanyar da ma'aikacin da aka matsa wa a farashi ke bi ya tsira da ribarsa. Maimakon ya shimfiɗa kwaɓi ya cika bayan tayil, sai ya ɗora dunƙule biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya, ya danna. A ido aikin ya yi kyau. Amma in aka ƙwanƙwasa da kan mabuɗi sai a ji yana amsawa kamar ganga, kuma ranar da ƙafar gado ko tukunyar gas ta sauka a wurin, ya fashe. Wani kuma ya haɗe tayil da juna ba rata, ya matse shi da bango. A garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afirilu kan haura digiri 40, tayil da daɓe suna buɗewa ba a tare ba, sai wata rana a ji ƙara, layi guda ya tashi sama. Ratar milimita biyu zuwa uku tsakanin tayil, da ɗan sarari a gindin bango wanda sikatin zai rufe, su ke hana hakan.

Jingar da ba ta haifar da faɗa ita ce wadda aka rarrabe a takarda: kuɗin gyaran daɓe daban, kuɗin sa tayil a kowace mita daban, sikatin da tsawonsa, banɗaki da matattakala kowanne da nasa. A rubuta wanda zai kawo siminti da yashi da farin simintin cike rata, wanda zai sayi ruwa, wanda zai ba da janareta idan ba wuta don injin yanka, da wanda zai kwashe ɓaraguzai. Biya kuma a yi shi kashi-kashi, a riƙe na ƙarshe har sai mai gida ya zagaya ya ƙwanƙwasa tayil ɗin, ya kuma zuba bokitin ruwa a banɗaki ya ga inda ya nufa. Kwalin da ya yi saura a ajiye shi a sito, saboda kamfanoni kan daina yin wani zane bayan 'yan shekaru.