Masana'antar Motoci ta Packard: Tarihin Kangon da Aka Yi Wa Fim

A shekarar 2014 jaridar Detroit Free Press ta fitar da wani fim na tarihi mai suna Packard: The Last Shift, wanda Brian Kaufman ya shirya. Fim ɗin ya bi labarin masana'antar ƙera motoci ta Packard da ke gabashin birnin Detroit a jihar Michigan ta Amurka, wadda ta daɗe cikin jerin kangayen masana'antu mafi girma a duniya. Ya jera tsofaffin hotunan zamanin da wurin ke tashe kusa da hotunan yadda ya koma, domin mai kallo ya auna girman asarar da idonsa.

An kafa kamfanin Packard a 1899 a garin Warren na jihar Ohio, a hannun James Ward Packard da ɗan'uwansa William. A 1903 wasu attajiran Detroit ƙarƙashin jagorancin Henry Joy suka kawo shi birninsu. Albert Kahn ne ya zana ginin masana'antar, kuma a sashe na 10 da aka gina a 1905 ya yi amfani da kankare mai rodi maimakon katako da bulo. Wannan dabara ta rage haɗarin gobara, ta ba da damar yin manyan tagogi da faffaɗan filin aiki, har sauran masu ƙera motoci suka kwaikwaye ta. A hankali masana'antar ta bunƙasa zuwa murabba'in mita kusan 325,000, a ɓangarori biyu na titin East Grand Boulevard, da gadar sama da ta haɗa su.

Packard mota ce ta masu hannu da shuni, kuma kafin Yaƙin Duniya na Biyu tana sahun gaba a kasuwar motocin alfarma a Amurka. Da yaƙi ya ɓarke sai masana'antar ta koma ƙera injinan jiragen sama samfurin Merlin da izinin Rolls-Royce, waɗanda aka sa wa jiragen yaƙi na P-51 Mustang. A lokacin ne ma'aikatanta suka kai kimanin 40,000. Tarihin wurin yana da tabo: a watan Yuni na 1943 fararen ma'aikata kusan 25,000 suka yi yajin aiki don kawai an ƙara wa baƙaƙen fata uku matsayi.

Dalilai da dama ne suka taru suka kayar da kamfanin bayan yaƙi. Cadillac ta ƙwace masa kasuwar alfarma, shi kuma bai fito da injin V8 ba sai 1955, bayan abokan hamayya sun yi nisa. Gasar karya farashi tsakanin Ford da General Motors a 1953 da 1954 ta shaƙe ƙananan kamfanoni. A 1953 Chrysler ya sayi Briggs, kamfanin da ke yi wa Packard gangar jikin mota. Shi kansa ginin mai hawa-hawa ya tsufa, domin sabon salon aiki yana buƙatar doguwar rumfa mai hawa ɗaya inda layin harhaɗa mota zai miƙe ba yankewa. Haɗewa da kamfanin motoci na Studebaker a 1954 ba ta yi magani ba, don shi ma yana fama da asara. A 1956 aka daina ƙera Packard a Detroit, a 1958 kuma sunan ya ɓace daga kasuwa.

Mutuwar kamfanin ba ta kawo ƙarshen ginin ba, kuma wahalar da ta biyo baya maƙwabta ne suka sha ta. Shekaru da yawa ƙananan 'yan kasuwa sun yi hayar sassansa, wasu suka mai da shi ɗakin ajiya, har mai haya na ƙarshe ya tashi a 2010. Rigima kan mallakar wurin da tarin harajin da ba a biya ba suka sa aka rasa mai kula da shi. 'Yan gwangwan suka yi ta yanke ƙarafa da wayoyi, har da ginshiƙan da ke riƙe da rufi. Gobara ta yawaita, aka mai da harabar juji. Kankaren da aka yi alfahari da ƙarfinsa shi ne ya sa rushe ginin ya yi tsada, birnin kuwa ba shi da hali: mazaunansa sun ragu daga kusan miliyan 1.85 a 1950 zuwa kimanin 714,000 a 2010, kuma a 2013 ya shaida wa kotu cewa ya kasa biyan bashin da ya kai dala biliyan 18.

A ƙarshen shekarar 2013 ce Fernando Palazuelo, ɗan Sifaniya mai harkar gine-gine a Peru, ya sayi wurin a gwanjo kan dala 405,000, da alƙawarin mai da shi ofisoshi da gidaje. Fim ɗin ya fito a daidai lokacin da ake cike da wannan fata. Alƙawarin bai cika ba. A watan Janairu na 2019 gadar saman ta rufto kan titi, a 2022 kuma kotu ta ba da umarnin rushe ginin saboda haɗarinsa ga jama'a. Hukumar birnin ta fara aikin a shekarar, ta ci gaba har 2024, aka bar wasu sassa kaɗan saboda tarihi. Shi ya sa fim ɗin ya zama muhimmiyar taska ga masu nazarin yadda masana'antu ke durƙushewa da nauyin da suke bar wa unguwannin da suka rayu da su.